Amanar Agali da Ruwan La'asar

Ku huɗun nan kun taso kuna jin cewa kakanku Mamman ya ajiye karya a gidansa har ta kashe masa ɗa. Ana faɗin haka a wurin suna, ana faɗinsa a zaman makoki, da murya ƙasa-ƙasa, kuma kusan duk lokacin da aka faɗa ina wurin, ina tsintar shinkafa ko ina zuba wa baƙi ruwa, ban taɓa ɗaga kai ba. Shekara arba'in ke nan da ɗoriya. Na rubuta muku babin lakwal, wato makarantar boko, da babin aurena ba tare da hannuna ya tsaya ba, amma wannan na fara shi sau uku ina yagewa. Ku karanta shi har ƙarshe kafin ɗayanku ya kira ɗan'uwansa a waya.

Shekarar fari na biyu ce, soja ke mulki. Ina da shekara goma sha ɗaya. Yarinya ce ni mai kunyar da ta wuce misali, har mushen ajinmu, wato malaminmu, ya yi wata guda yana zaton ban ji sosai, ya matso da ni bencin gaba. Amma idona ba ya hutawa. Na san wace tsaka ce ke zaune bayan allo, na san ranar da maƙwabciyarmu ta fara dafa tuwo sau ɗaya a yini domin hayaƙin gidansu ya daina tashi da rana. A gidanmu mu biyar ne: Baba, wanda dillali ne a kasuwar dabbobi, Inna, Gwaggo Hassana, yayar Baba, da ta dawo wurinmu bayan mutuwar mijinta, ni, da ƙanena Sidi, wanda aka yaye a farkon shekarar. Tsakanina da Sidi, Inna ta yi ɓari biyu kuma ta binne jariri ɗaya, saboda haka duk gidan a kansa yake juyawa. Ni kuwa ƴar fari ce, Inna tana kunyata kamar yadda aka saba a lokacin. Ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido da ido. In tana son aike na sai ta ce "ke", tana duban tukunya. Na girma ina zaton ba ta ganina.

Baba yana da wani baƙo Buzu mai suna Agali. Uban Agali a zauren kakana yake sauka in ya kawo dabbobi Agadas, shi ma Agali a zauren Baba. Abin da ke tsakanin mai masauki da baƙonsa ya fi ciniki. Baƙo yana barin sirdinsa da takobinsa a ɗakinka shekara guda, ya dawo ya same su inda ya bar su, kuma mutuncin dillali a kasuwa duk a kan wannan yake. Kullum Agali a kan raƙumi yake zuwa, ya kawo mana cuku. A wannan shekara da ƙafa ya shigo, da hantsi, lebensa a tsattsage, yana riƙe da igiyar fata, a ƙarshen igiyar kuma ga karya. Ba irin karnukan mahauta ba ce. Doguwa ce, ƙafafunta kamar na barewa, launinta na yashi, da fari a ƙirji, ana ƙirga haƙarƙarinta daga nesa, cikinta kuma ya ɗan sauka domin tana da ciki. Sunanta Tallit. A wurinsu irin wannan karya cikin tanti take kwana, kuma in an tatsi nono ana zuba mata nata kamar yadda ake zuba wa yara. Garken Agali duka ya mutu. Ya kai iyalinsa wurin dangin matarsa, shi zai hau kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Aljeriya neman aiki, direba kuma ya ce ba ya ɗaukar kare.

Ni aka aika da kwanon fura zaure, shi ya sa na ji abin da ya ce wa Baba.

"Ba ni da raƙumin da zan bar maka, ba ni da akuya. Ita ce ta rage. Kakarta ta yi gadin tantin ubana."

Baba ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya san unguwar da yake zaune, ya san yayarsa. Daga baya ya ce, "Inda sirdinka ya kwana, ita ma za ta kwana."

Agali ya ce ba ta cin abin hannun baƙo, ko yunwa za ta kashe ta, haka aka hore ta don kada maƙiyi ya ba ta guba. Dole Baba ya ba ta abinci a ranar, Agali yana tsaye. Ya gutsuri dunƙulen fura ya sa a tafin Baba, ya riƙe wuyan hannun Baba da nasa hannu, suka miƙa mata tare, yana yi mata magana da harshensu. Ta shinshina, ta kalli Agali, ta ci. Da ya ga ni ke riƙe da kwano, sai ya ce a kawo hannuna ni ma, tunda Baba a kasuwa yake yini. Harshenta yana da ɗumi da kaushi. Daga ranar mutum biyu ne kawai a Agadas za su iya ciyar da ita, ni da Baba.

Gwaggo ta yi kwana uku tana faɗa. Ta ce gidan salla ne, ta ce maƙwabta za su daina cin abincinmu, ta ce Mamman tun yana yaro bai iya cewa a'a ba, ko akuya ce ta roƙe shi. Baba ya je wurin limamin unguwa ya dawo da amsa: amana ce, babu laifi a tsare ta a garken bayan gida, amma duk ƙwaryar da ta sa baki a ciki a wanke ta sau bakwai. Gwaggo ta karɓi wannan hukunci da hannu biyu, domin ta ga abin da za ta yi da shi. Muddin Tallit ce kaɗai, babu wahala, ba ta fita garke, tana da tsohuwar tasarta. Amma ta haifi ƴaƴa huɗu, kuma da suka yi wata guda suka fara fitowa ta ƙarƙashin zana, suna bin tsakar gida, suna sa hanci a duk abin da aka ajiye ƙasa. Sidi yana bin su yana dariya. Gwaggo tana zaune a tabarma da carbi tana lura. Ko an lasa ko ba a lasa ba, in ɗan kwikwiyo ya gifta kusa da kwano, sai ta nuna da leɓe. Kuma ita ke ƙirgawa da ƙarfi, ɗaya, biyu, har bakwai, kowane wanki da sabon ruwa, don Baba ya ji daga zaure.

Ku da kuka taso da fanfo a tsakar gida ba za ku gane abin da wannan yake nufi ba. Fanfo ɗaya ne a unguwarmu, mai gadi ya buɗe shi da safe, ya sake buɗewa bayan azahar, ya kulle da la'asar sakaliya ko layi ya ƙare ko bai ƙare ba. Da safe ni da Inna muke zuwa mu cika bido biyu, wato jarkoki, su ne na randa. Kafin kwikwiyoyin nan suna kai mu har washegari. Da wankin bakwai ya shigo, ruwa ya daina kaiwa yamma, sai aka ƙara mini bido na uku, ni kaɗai, in na taso daga lakwal. Layin yamma ba na yara ba ne. Mata suna ajiye bido ko dutse ya tsare musu wuri, in ka kau da ido a tura naka baya da ƙafa. Ni ba na ma kau da ido, ina kallo ake turawa, bakina ya ƙi buɗewa. Ranar farko aka kulle fanfo da mutum shida a gabana, na koma gida da bido fayau. Gwaggo ta ce wa Inna, a gabana, an kai yarinya lakwal an koya mata yaren Nasara, ga shi ko na uwarta ba ta iya yi a bakin fanfo. Inna ta ci gaba da tankaɗe. Wannan shirun ya fi yi mini zafi.

Washegari da aka sake kullewa, ban nufi gida ba. Na bi hanyar ƙoramar Telwa. A gefenta mutanen daji da suka rasa dabbobinsu suka kafa bukkoki na tsumma da kwali, kuma sun haƙa ramuka cikin yashin ƙoramar, ruwa yana tsattsafowa a ƙasa kaɗan-kaɗan. Babu layi, babu mai tura bido. Wata tsohuwa ta ga ina tsaye, ta karɓi bidon ba tare da ta tambaye ni komai ba, ta cika mini da gwangwani. Ruwan yana da launin kunu. Na ga ƙudaje, na ga inda yara ke tsugunawa bai fi taku ashirin daga ramin ba. Na gani sarai, ni da ba abin da ke wuce mini. Na ɗaura kallabina a bakin bidon muka tace, na zauna a inuwar wani bango har ya kwanta ya yi haske. Na gaya wa kaina ai na wanki ne, ba wanda zai sha. Da na shiga gida Gwaggo ta ce ashe bakin yana buɗewa in ya ga dama. Na ji daɗin maganar. Kwana tara na yi ina haka.

A cikin kwanakin ne ciwo ya shiga karnukan gari. Ya fara daga na mahauta. Sai ka ga kare kwance a gindin bango yana amai, bayansa duk jini, da wani wari da ban taɓa jin irinsa ba kuma ban manta ba, kamar ƙarfe mai tsatsa da aka jiƙa cikin ruɓaɓɓen nama. Ya shigo garkenmu ranar Talata. Ƙaramin kwikwiyon ya ƙi nono, ya yi amai, washegari zawo, ranar Alhamis ya mutu. A ranar ne wani ma'aikacin kiwo, Mushe Isufu, ya zo a kan babur ɗinsa. Siririn mutum ne mai tabarau da aka ɗaure da zare. Yana bin gida-gida inda ya ji akwai kare mara lafiya, da akwatin katako cike da ƙananan kwalabe. Ya tsuguna cikin garke ya ɗebi kashin da tsinke ya sa a kwalba, ya rubuta lamba a jiki. Gwaggo ta ce duniya ta zo ƙarshe, mutum da karatunsa gwamnati ta ba shi babur yana tara kashin kare. Ya yi murmushi ya ce, Hajiya, wani ma na jaki yake tarawa, ni an ɗaga mini daraja. Ya gaya wa Baba ciwon sabo ne, bai gan shi a littafin da ya karanta ba, za a aika kwalaben Yamai, daga can wataƙila a wuce da su ƙasar waje. Da ya ga kayen lakwal, littafin rubutuna, a hannuna, sai ya ce in riƙa rubuta masa kowace rana: wanne ya yi amai, wanne ya yi jini, wanne ya ci, wanne ya mutu. Ba wanda ya taɓa ba ni aiki don na iya kallo. Na ja layuka da kyau a shafin baya. Kuma ban san dalili ba, a gefen kowace rana da na je ƙorama, na yi ɗan zagaye ƙarami da alƙalami.

Kwikwiyoyin huɗu suka mutu cikin mako guda. Tallit ma ta kwanta kwana uku, ina ɗiga mata ruwa a baki da tsumma, sannan ta tashi. Ta riƙa zagaya garken tana shinshina inda suka kwanta.

A lokacin ana raba taimako a filin da ke gaban ofishin farfe, wato gwamnan jiha, soja na tsaye da bulala: jar dawa, da madarar gari ga gidan da ke da ƙaramin yaro. Inna tana dama wa Sidi madarar nan da yamma. Rana ta takwas da fara zuwana ƙorama, baƙi suka zo da rana suka shanye ruwan randa. Ina zaune a bakin ƙofar ɗaki ina haddar wani darasi, na ga Inna ta leƙa randa, ta rufe, ta juya ta ɗauki bidona ta tsiyaya a kofin Sidi. Na ga ruwan yana zuba. Na ga ta sa cokali biyu na madara tana juyawa. Tsakanina da ita bai fi taku huɗu ba. In na yi magana, sai na faɗi inda nake zuwa, a gaban Gwaggo. Na ce a raina ai na tace, ai ya kwanta, ai mutanen can shi suke sha. Sidi ya riƙe kofin da hannu biyu ya shanye, madara ta yi masa gashin baki. Washegari ma haka aka yi.

Kwana biyu bayan nan ya fara zawo. Ba jini kamar na karnuka, ruwa ne kawai, yana zuba ba tsayawa. Idanunsa suka faɗa, maɗigarsa ta lotsa, in ka ja fatar cikinsa sai ta tsaya a tsaye. Inna ta goya shi zuwa likita kwana biyu a jere, layin ya kai bakin titi, yawancinsu yaran bakin ƙorama ne. A rana ta uku, da hantsi, suna hanyar dawowa ya cika a bayanta. Ta ce ta ji lokacin, domin nauyinsa ya sake. Ba ta tsaya ba, ta ƙaraso gida da shi a goye, ta tsaya tsakar gida ta ce wa Gwaggo ta kwance mata zanen.

Tun kafin a dawo daga maƙabarta magana ta gama unguwa: karnuka sun yi zawo sun mutu, yaron da ke wasa da su ya yi zawo ya mutu. Ba a buƙatar malami ya haɗa wannan. A gari ma haka ake cewa game da yaran bakin ƙorama, tunda su ma da karnukansu suka zo. Ranar sadakar uku mai shela ya bi unguwanni da ganga: umurnin farfe ne, a kashe duk karen da ke cikin gari, wanda ya ɓoye kuma zai yi bayani a bariki. A zamanin nan ba a tambayar dalilin umurni.

Mushe Isufu ya zo washegari da safe, wannan karon ba da akwatin kwalabe ba. Yana tare da soja ɗaya da wani leburan ma'aikatarsu mai ɗauke da bokiti a rufe. Ya yi wa Baba ta'aziyya, ya roƙi a bar shi ya shiga daga ciki ya yi tambaya. Sojan ya tsaya a zaure. Mushe Isufu ya karɓi kayena ya duba layukan, ya ce aikin ya yi kyau. Sannan ya rage murya ya gaya wa Baba cewa shi a ganinsa ciwon karnukan nan ba ya kama mutum, shi da kansa ya fi mako biyu hannunsa a ciki, amma ba shi da takardar da zai nuna, amsar Yamai ba ta zo ba. Akwai hanya ɗaya. In yaron ya sha wani ruwa da ba na fanfo ba, zai rubuta haka, ya ce karyar ta warke kuma ana buƙatarta don bincike, ya tafi da ita ma'aikatarsu ya ɗaure har mai ita ya dawo. In kuwa babu, ba shi da abin da zai gaya wa na zaure.

Baba ya juya wajen Inna. Fuskarsa ta yi wani haske da ban gani ba tun ranar jana'iza.

Inna tana zaune a ƙofar ɗaki, lulluɓe. Ta ce, "Na fanfo ne. Ba mu da wani ruwa a gidan nan."

Mushe Isufu ya ce, "Wa ke ɗebowa da yamma?"

Gwaggo ta nuna ni. Ya tsuguna har tabaransa suka zo daidai idona, ya ce da faransanci, don kada in ji kunyar manya, in faɗa masa gaskiya, ba wanda zai taɓa ni. Kayen yana hannunsa a buɗe, babban yatsansa yana kan zagayen nan ƙanana. Na ji Tallit tana jan igiyarta a garke domin ta ji muryar Baba. Na san in na faɗa, karya za ta rayu, kuma kowa a Agadas zai san wanda ya kawo ruwan da Sidi ya sha.

Na ce, "Na fanfo ne, Mushe."

Ya daɗe yana kallona. Ya rufe kayen ya miƙo mini.

Leburan ya buɗe bokitin, ya jefa mata tsokar nama mai guba ta saman zana. Ta shinshina ta koma gefe ta kwanta. Ya sake jefawa, ko kallo ba ta yi ba. Sojan ya gaji, ya shigo ba sallama yana sauke bindiga daga kafaɗa. Baba ya tare shi, ya ce ba za a yi harbi a gidan da ake zaman makoki ba, kuma ba baƙon da zai taɓa abin da aka ba shi amana. Ya naɗe hannun rigarsa, ya ɗauki naman daga ƙasa, ya shiga garken ya tsuguna. Ina kallo ta ramin zana. Ya kira sunanta yadda Agali yake kira. Ta taso tana kaɗa jela, ta kalli fuskarsa, ta ci daga tafinsa, ta lashe masa yatsu. Ba zan rubuta muku yadda wannan guba take kashewa ba. Ta ɗauki lokaci, kuma Baba bai tashi ba har ta daina motsi. Da ya fito Gwaggo ta miƙo masa buta. Bai karɓa ba. Ya zauna a zaure hannunsa a buɗe a kan gwiwa har aka kira azahar.

Baba bai sake zama yadda yake ba. A kasuwa ana ce masa mai kare a bayan ido, wani lokaci a gaban ido. Ya yarda da abin da aka ce, shi ne abin da ya fi ci masa rai: ya yarda cewa da bakinsa ya karɓi mutuwar ɗansa a zaure, kuma da hannunsa ya ci amanar baƙonsa, bai tsira da ko ɗaya ba. Tsakaninsa da Inna magana ta koma ta cefane kawai. Bayan shekara biyu Agali ya dawo, da akwatin ƙarfe da rediyo, ya kawo wa Sidi ƴar riga. Ni na kai musu ruwa. Baba ya gaya masa komai yadda ya sani, bai rage ba, ya ɗauko igiyar fatar ya ajiye a gabansa. Agali ya ja rawaninsa ya rufe har ƙarƙashin ido. Bai yi fushi ba, da ma fushi ya yi. Ya ce shi ne ya jawo mutuwa da igiya ya kawo gidan da ubansa ya ci abinci. Ya sha kofin shayi na farko, bai jira na biyu ba, ya karɓi sirdinsa da takobinsa. Bai sake sauka a gidanmu ba, ko a wani gida na unguwarmu. Baba ya rasu ina da cikin yayarku Mariyama, kuma a ciwonsa na ƙarshe ya tambaye ni sau biyu ko an ga Agali a kasuwa. Ina riƙe da hannunsa, wannan hannun, ban faɗa ba.

Amsar kwalaben Mushe Isufu ba ta taɓa zuwa ba, ko ta zo ba mu ji ba. Amsar da na samu daga cikin gidana ta fito. Kun san aikin yayarku Mariyama a labo, ɗakin binciken cututtukan dabbobi, a Yamai. Bara da ta zo hutu tana ba ni labari cewa suna tara kashin karnuka masu zawo daga garuruwa, su fitar da ƙwayar cutar, su karanta rubutun halittar da ke cikinta, wanda take kira ADN, don su san danginta da hanyar da ta bi ta shigo ƙasar nan. Tana dariya tana cewa ba ta gaya wa surukanta abin da take taɓawa. Na tambaye ta yadda ciwon yake. Ta faɗi amai, da jini, da warin, da yadda yake share ƙanana ya bar manya. Na tashi na buɗe adakata na ɗauko kayen. Ta karanta layukan ta ce ba za ta rantse ba tunda babu kwalba, amma ko ita aka ba wannan shafi haka za ta kira shi. Na tambaye ta ko yana kama yara.

"Wannan ƙwayar ba ta kama mutum, Mama. Ba ta da hanyar shiga jikinmu." Ta sake duban shafin. "Waɗannan zagaye fa na mene ne?"

Na gaya mata. Ita ce mutum na farko. Na tambaye ta ko ruwan ne, ta ce yanzu ba mai iya tabbatarwa, amma ba ta kalle ni ba da ta faɗa.

Bayan mako guda na tafi tsohon gidanmu wurin Inna. Kun san yadda take yanzu, ido ya tafi, kunne garau. Na same ta da hantsi a tabarma, daidai inda garken yake a da, tana ɓare gyaɗa da lalube. Na zauna na faɗa mata tun daga layin fanfo har kofin madara. Hannunta bai tsaya ba. Da na gama ta hure ɓawon daga tafinta.

"Ruwan fanfo ba ya barin yashi a gindin bido," ta ce. "Ranar da ya fara zawo na juye bidonki zan wanke, yashi ya zubo mini a hannu."

Na ce, "Ashe kin sani ranar da Mushe ya tambaya."

"Shi ya sa na riga ki amsawa."

Na ce mata da ta faɗa, da Baba bai mutu da wannan nauyi ba. 

"Na binne biyu. Ke kaɗai kika rage mini. Da garin nan ya ji, da Hassana ta ji, ba za ki kai shekara ba. Na ce shi namiji ne, babba ne, zai iya ɗauka."

"Bai iya ba, Inna."

"Bai iya ba," ta ce. Ta laluba ta tura mini ƙwaryar gyaɗar. "Karɓi, Rakiya. Hannuna ya gaji."

Ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar.

To, ga abin da nake so daga gare ku. Kada ku je mata da wannan magana, ta faɗi nata. An ce wani jikan Agali yana tuƙa motar ruwa zuwa wurin haƙar zinariya na Cibarakaten. Mariyama tana da sunansa, kuma na rubuta masa takarda daban, ɗayanku ya kai ta hannu da hannu. Kuma duk ranar da kuka zauna a taron dangi wani ya rage murya ya ce kakanku Mamman ya ajiye karya ta kashe masa ɗa, kada ku yi abin da na yi. Ku ɗaga kai ku ce ba ita ba ce, ba shi ba ne. In an tambaye ku to wane ne, ku ce uwarku ce ta ɗebo ruwan.